Kwabon Kaka: Kuskuren Maƙera Ne, Ko Tabon Hanya?

Yau ba maganar salo ko ƙa'idar rubutu na zo da ita kai tsaye ba, maganar tsofaffin sulalla ce. Na san wani zai ce me ya haɗa marubuci da kwabo mai huji. A yi mini haƙuri a karanta zuwa ƙarshe, sannan a yanke mini hukunci.

Bayan Sallar da ta wuce na je gida Maiyama. Na tarar da ƙanena, ɗan kawuna, ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya juye gwangwanin Kaka, wanda tun muna yara muka san shi a ƙarƙashin gadonta. Kwabo ne da anini da taro da sisi da sule, har da kwandalolin baya-bayan nan da aka daina karɓa a kasuwa. Ya ware guda uku ya ajiye a gefe: sule ɗaya mai huji kusa da baki, kwabo ɗaya da ya ɗan lanƙwashe, wasu haruffa sun fito a jikinsa a juye, sai kwandalar naira 2 wadda tsakiyarta ta fice, saura zobe.

Na ce, "Kai kuma me kake yi da kayan Kaka?"

Ya ce, "Yaya, arziki ne a nan ba mu sani ba." Ya nuna mini bidiyo a wayarsa, wani Bature yana bayanin cewa kuɗin da aka yi kuskure wajen buga su ana sayensu da miliyoyi. Ya ce har ya samu wani mutum a Jega da ya ga hotunan, ya tabbatar masa duka ukun kuskuren kamfani ne, yana da mai saye a Legas, amma sai an fara biyan ₦15,000 kuɗin gwaji. Yaron nan kuɗin da ya tara na aikin albasa a Aliero yake shirin miƙawa.

Ashe Kaka tana bakin ƙofar ɗaki tana jin mu. Ta miƙo hannu aka ba ta sulen, ta shafa hujin da yatsa, ta yi dariya ta ce, "Maigida, wanga huji ai ni nis sa maƙeri shi yi shi. Shekarar da anka canza kuɗi ce, ina goyon babanku, na haɗa da laya na ɗaura mai a wuya. Wane kamfani kuma?"

Da Kaka ba ta raye, da wa zai faɗa mana? Wannan tambayar ce ta hana ni sukuni har na zauna na bi maganar. Ra'ayin da na fito da shi kuwa shi ne: baƙon abu a jikin kwabo ba shi ne daraja ba. Abin tambaya shi ne yaushe alamar ta hau, kuma hannun wa ya sa ta. Wanda ya ce kuskuren maƙera ne, shi ke da nauyin kawo hujja, kuma hujjar tana jikin ƙarfen, ba a bakin dillali ba. Sannan tabon da kwabo ya samu a hannun mutane ba abin kunya ba ne da za a sauya masa suna. Shi ma yana da tasa darajar, musamman a wajen irinmu.

Kafin a gane kuskure sai an san yadda ake yin daidai. Buga kwabo mataki uku ne. Da farko ana murza ƙarfe ya zama falle mai kauri ɗaya, inji ya riƙa fitar da da'irori daga jikinsa, kamar yadda mai cincin za ta kifa bakin kofi a kan kwaɓin fulawa. Sai a bi da waɗannan da'irori ta wani inji da ke matse gefensu don bakin ya ɗan taso. Na biyu, akwai hatimi guda biyu na ƙarfe mai tauri, na fuska da na baya, waɗanda aka sassaƙa zanen a jikinsu a juye kuma a lotse. Na uku shi ne bugu: a sa da'irar a tsakanin hatimai biyun, wani zobe ya riƙe ta ta gefe, a danna da nauyin tan masu yawa. Ƙarfen sai ya malala ya cika ramukan hatimin, zane ya taso. Kuskuren gaskiya a ɗayan matakan nan uku yake faruwa. Duk abin da ya samu kwabo bayan ya bar injin nan, ko da a cikin buhun kamfanin ne, sunansa lahani.

Akwai kuma kashi na uku da ke ruɗin mutane fiye da sauran biyun, wato abin da aka yi da gangan amma mu yanzu yake mana kama da kuskure. Hujin da ke tsakiyar kwabo da ɗari da anini haka aka tsara shi tun 1907 da Turawan mulkin mallaka suka fara bugo su, don a iya zura su a igiya, kamar yadda aka saba yi da wuri a wasu sassan. Shi ya sa ba a sa hoton sarki a jikinsu ba, sai kambi da suna, da tauraro mai ƙahoni shida a baya, da rubutun Larabci mai faɗin darajar kuɗin. In ka ga an rubuta GEORGIVS ko EDWARDVS da harafin V a gurbin U, ba tuntuɓen alƙalami ba ne, salon rubutun Latin ne. Ɗan ƙaramin H ko KN da ake gani alamar masana'antar da ta buga ce, Heaton ko King's Norton, duka a Birmingham ta Ingila. Sule da fataka masu bishiyar kwakwar manja da aka buga daga 1938 suna da wani tsagi da ya zagaye gefensu, har wani ya ɗauka guda biyu aka manne. An yi tsagin ne don a wahalar da masu kuɗin jabu. Ita kanta kalmar jabu masana harshe suna danganta ta da Ijabu ta ƙasar Yarabawa, inda aka yi ƙaurin suna da wannan sana'a a zamanin Turawa.

Babban misali a wannan kashi shi ne azurfar nan mai hoton wata mace mai jiki, wadda matan Fulani ke ado da ita, kuma ta yi yawo a kasuwanni irin Jega tun zamanin da ake ciniki da wuri. Mariya Tereza ce, sarauniyar Ostiriya. Kusan duk wadda ka ɗauka za ka ga 1780 a jiki, shekarar da ta rasu. Saboda fatake sun yarda da ita, aka ci gaba da buga ta da wannan shekarar har bayan shekaru sama da 200, a Biyana da Landan da Paris da Rum da Bombay. To wanda ya ce maka tasa ta shekara 240 don ya ga 1780, bai ba ka hujja ba tukuna. Abin da za ka iya gwadawa shi ne nauyi: cikakkiya tana da kimanin giram 28, kuma kashi 83 cikin 100 nata azurfa ne.

Yanzu ga yadda ake rarrabe kuskure da lahani. Ba sai da wani injin gwaji a Legas ba. Hasken rana, da kyamarar waya mai jawo hoto, da ƙaramin sikelin masu sayar da zinari, da maganaɗisu, da wani lafiyayyen kwabo irinsa na shekara ɗaya don kwatance, sun isa a mafi yawan lokuta.

Abu na farko, duba ko alamar ta taso ko ta lotsa. Idan hatimi ya tsage, ƙarfe zai shiga tsagar, sai a ga siririn layi ya taso a kan kwabon kamar jijiya, launinsa ɗaya da sauran jiki. Idan kuwa wuƙa ko ƙusa ce ta karce shi, layin rami ne, kuma ƙarfen da aka ture yana nan ya taru a gefen ramin kamar kunyar gona. Ƙarfe ba ya ɓacewa haka kawai. In aka buge shi a nan, sai ya kumbura a can.

Abu na biyu, juya bayan. Kwabon da ke cikin inji yana kwance ne a kan hatimi, don haka ɗaya fuskar tana samun cikakken zane. Wanda aka ɗora a kan dutse ko uwar maƙera aka buga da guduma, bayansa zai baje daidai inda aka buga. Kwabon ƙanena mai haruffa a juye a nan ya faɗi jarrabawa. Wani ne ya haɗa kwabo biyu ya matse ko ya buga, rubutun ɗaya ya shiga jikin ɗaya a lotse, ya hau kan asalin zanen, bayan ya baje, kwabon ya lanƙwashe. Akwai kuskuren gaskiya mai kama da wannan, inda kwabon da aka riga aka buga ya maƙale a hatimi ya bugi na bayansa. Amma a irin wannan, fuska ɗaya tana fitowa lafiya ƙalau, ɗayar kuma ta zama hoton madubi na waccan fuskar a lotse, babu wani asalin zane a ƙarƙashi.

Abu na uku, gutsurarren gefe. Wani lokaci injin da ke fitar da da'ira yakan hau kan gurbin da ya riga ya huda, sai da'irar ta fito da gibi kamar an gatsa. Tun da gibin ya riga bugu, za ka ga zane da bakin kwabon suna dusashewa a hankali yayin da suke kusantar gibin, domin ƙarfen ya malala ta can. Sau da yawa kuma bakin da ke ɗaya ɓangaren, daura da gibin, yakan fito da rauni, saboda injin matse gefe bai samu abin tokara ba a wannan wurin. Masu tara kuɗi suna kiran wannan alama da sunan wani Ba'amurke, Blakesley. Wanda aka datsa da kurfi ko aka ci da magagari kuwa, rubutu yana nan da ƙarfinsa har bakin yankan, sai ya yanke kwatsam, ga kaifi, ga sawun magagari.

Abu na huɗu, nauyi da faɗi. Kwabon da ya zame aka buga shi a karkace, zanen ya tafi gefe ɗaya, nauyinsa yana nan cif, domin ba a rage masa komai ba. Wanda aka goge fuskarsa a kan dutse zai yi sauƙi. Wanda ya sha ruwan batir zai sirance, faɗinsa ya ragu, zanen ya yi dishi-dishi a ko'ina. Wanda ya shiga wuta, ko ya shekara 40 a cikin ƙasar gona, launinsa zai sauya, jikinsa ya yi ƙuraje. Kwandalolin 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jiharmu, baƙin ƙarfe ne aka yi wa rufi da wani ƙarfen, shi ya sa maganaɗisu ke kama su, shi ya sa kuma in tsatsa ta shiga ƙarƙashin rufin sai ya kumbura ya ɓare. Ba wani sinadari mai tsada a ciki.

Abu na biyar, huji. Hujin kamfani zagayayye ne sumul, kuma an tsara zanen ya kewaye shi. Yakan faru ya kauce daga tsakiya, ko kwabo ya tsallake ba a huda shi ba sam, waɗannan kuskure ne na gaskiya. Amma sule da sisi da taro ba a tsara su da huji ba. Hujin sulen Kaka ya ratsa ta kan kambin Sarauniya, ta ɗaya gefen ƙarfen ya turo waje, kuma saman hujin ya goge ya yi santsi inda zare ya daɗe yana ci. Ita ma naira 2 ta 2007 ƙarfe biyu ne aka haɗa, zobe da tsakiya. Duk yaron da ke da ƙusa da dutse zai iya fitar da tsakiyar, kuma sawun dukan yana nan a bakin zoben.

Abu na shida, wanda na fi so: kuskuren hatimi yana da 'yan uwa. Hatimi ɗaya yana buga dubbai, don haka in aibin daga gare shi ne, za a samu wasu masu aibi iri ɗaya a wuri ɗaya, kuma galibi masu tara kuɗi sun riga sun rubuta shi a kundayensu. A Amurka a 1955 an yi hatimin santi ɗaya da rubutunsa ya ninku biyu, kimanin guda 20,000 zuwa 24,000 suka shiga hannun jama'a, kowanne da ninki iri ɗaya. A Ingila a 2008 an haɗa tsohon hatimin fuska da sabon na baya, sai kuɗin fenni 20 suka fito babu shekara a jikinsu ko ta ina, kuma kamfanin buga kuɗin ƙasar ya ce ba su kai 250,000 ba. Irin wannan haɗin gambiza na hatimai biyu da ba a yi su don juna ba, masu tara kuɗi suna kiransa alfadari, tun da uwa daban uba daban.

Abin da zai ba ku sha'awa shi ne kwabonmu mai huji ma yana da alfadarai, duka daga masana'antar Heaton. Sarki Edward na 8 ya hau gadon sarautar Ingila a Janairun 1936 ya sauka a Disambar shekarar. A Ingila ba a saki kuɗi mai sunansa ba, amma a nan Afirka ta Yamma an saki kwabo da ɗari da anini masu sunansa da yawa, don haka samun na 1936 ba abin mamaki ba ne. Amma akwai kwabo mai sunan Edward ɗauke da 1945, shekara tara bayan saukarsa. Akwai mai sunan Sarki George na 6 ɗauke da 1956, alhali ya rasu tun 1952. Akwai kuma na 1936 wanda fuska ɗaya ta santi 10 ce ta Gabashin Afirka, bayan kuma tauraron namu ne. Ka ga waɗannan ba lanƙwasa, ba huji a gefe, ba abin da zai ja ido. Lafiyayyun kwabbai ne da sai mai karatu da sanin tarihi zai gane. Ƙanena ya ware guda uku mafi muni ya bar sauran ba tare da ya karanta ko ɗaya ba. Mun zauna mun karanta su ɗaya bayan ɗaya. Ba mu samu alfadari ba, amma aƙalla mun nemi abin da akwai shi.

A kula, inda aka san abu yana da tsada, nan masu haɗa na bogi suke taruwa. A 1943 Amurka ta buga santinta da baƙin ƙarfe saboda yaƙi yana cin tagulla, 'yan kaɗan suka fito da tagulla bisa kuskure. Tun daga nan mutane ke shafa wa na baƙin ƙarfen ruwan tagulla, wasu kuma su kankare 8 ta 1948 ta koma 3. Maganaɗisu kaɗai ya isa ya tona asirin na farkon. Ramin ƙarya ƙurarre ne, in dai an yarda a duba.

Masu ɗorin Aliero, waɗanda ake zuwa wurinsu daga nesa, ba sa fara aiki da labarin da majinyaci ya bayar kawai. Sai sun laluba da hannu sun ji ko ƙashin haka aka halicce shi, ko karaya ce ta haɗe a karkace ta bar ƙulli. Irin wannan laluben nake kira a yi wa kwabo.

Na san akwai masu ja da ni, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Wani zai ce, in mai saye ya gani ya yarda, ina ruwanka? Ciniki ai yarda ne. Amsata ita ce yarda da aka gina a kan sunan ƙarya ba yarda ba ce. In ka ce wa mutum ga sule mai huji, ya saya, kun gama lafiya. In ka ce masa kamfani ne ya huda alhali maƙerin unguwa ne, ka sayar masa da abin da babu. Kuma a wurarenmu yawanci ba mai sayen ake cuta ba, mai kayan ake cuta: a kumbura masa kai da miliyoyi, a karɓi kuɗin gwaji, kuɗin rajista, kuɗin mota, daga nan waya ta daina shiga. Mai sayen gaskiya shi ke biyan ka, ba kai ke biyan shi ba. Ga kuma wata ɓarnar: yaro ya ji ana sayen mai aibi, sai ya ɗauki guduma ya yi wa lafiyayyen kwabon gado aibi da hannunsa. Ga kwandalolin da Babban Bankin Najeriya ya fitar ma, sashe na 21 na dokar bankin ta 2007 ya mai da lalata kuɗi da gangan laifi, hukuncinsa ɗaurin da bai gaza wata 6 ba, ko tarar da ba ta gaza ₦50,000 ba, ko duka biyun.

Wani kuma zai ce, to kai ka kashe wa yaro gwiwa, ka ce kayan kakarsa shara ne. A nan ne muka rabu da Baturen cikin bidiyon. A wurinsa huji ya rage daraja, kuma a kasuwarsa gaskiya ya faɗa. Amma kuskuren maƙera labarin wani ma'aikaci ne a Birmingham da ya ɗauko hatimin da ba shi ba. Hujin sulen Kaka labarin Maiyama ne a 1973, shekarar da naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule: wata matashiyar uwa ta ga kuɗin da ta sani sun zama tsohon yayi, ta mai da ɗaya abin wuyan ɗanta. Azurfar da aka liƙa wa kunne don a rataya, da kwabon da ya side har suna ya ɓace saboda yawan hannuwan da ya ratsa a kasuwar Jega, duk shaidu ne na yadda mutanenmu suka rayu. Abin da na ƙi shi ne a ɗauki wannan labari namu a lulluɓe shi da sunan kuskuren kamfani don kwaɗayin abin da ba zai zo ba. Shawara ɗaya a nan: kada a wanke tsohon kwabo da toka ko lemun tsami ko tsamiya ko man goge ƙarfe. Gogewa ma lahani ce, tana cire darajar kasuwa, tana kuma share sawun da ake karanta tarihin da shi.

To me ya shafe mu, mu marubuta? Abu uku.

Na ɗaya, muna buga alfadarai a labaranmu ba mu sani ba. Na karanta labarin da aka ce ya faru kafin samun 'yancin kai, jarumin ya zaro naira ya biya sadaki. Naira ba ta zo ba sai 1 ga Janairun 1973. Kafin nan anini goma ne kwabo, kwabo uku taro, shida sisi, goma sha biyu sule, sule biyu fataka, sule ashirin fam ɗaya. Kwandalar naira 1 mai hoton Herbert Macaulay sai 1991. In za ka sa kuɗi a hannun tauraronka, ka san wane kuɗi ne a wace shekara. Har yau muna cewa ba ni da ko anini, ko sisin kwabo, amma da yawanmu ba mu taɓa riƙe su ba, alhali suna cikin gwangwanin tsofaffinmu.

Na biyu, rubutu ma yana samun tabon hanya. Labari ya ratsa zaurukan WhatsApp goma, an kwafa an liƙa, lanƙwasar haruffa ta zube, ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata, an yanke sakin layi, an cire sunan mai shi. Kafin ka yi wa marubuci kaca-kaca a sharhi, nemi inda ya fara sakin abin. Adalci ke nan.

Na uku, kuma wannan da kaina na fara, mu daina laƙaba wa hanya abin da daga maƙerarmu ya fito. Mukan ce ai waya ce, ai saurin bugawa ne. Gwajin nan na shida yana aiki a kanmu: in kuskuren yana da 'yan uwa, in a kowane shafi ka haɗe abin da ya kamata a raba, ka raba abin da ya kamata a haɗe, to hatimin ne ya tsage, sai a koma a gyara shi. Bambancin kawai, kuskuren kwabo yakan ƙara masa kuɗi, namu kuwa ba mai saye.

Ƙanena bai je Jega ba. Ya kira mutumin ya ce ya zo Maiyama ya ga kayan da idonsa, in sun yi masa ya biya, a cire kuɗin gwajin a ciki. Har yau muna jiran sa. Sulen kuwa Kaka ta ce a ba ni, na zura masa sabon zare, yana rataye a jikin ƙusar da ke saman teburin da nake rubutu.

Ga aikin da nake roƙon mu yi a wannan makon. Duk mai tsoho ko tsohuwa a gida, ya nemi izini a buɗe masa gwangwani ko kumbo ko adudu. Ya ɗauki kwabo ɗaya, ya karanta sunan da shekarar, ya duba fuska da baya da gefe, sannan ya tambayi mai shi yadda aka yi tabon ya samu, tun tana nan da ranta. Ya rubuto mana abin da ya gani a sakin layi ɗaya da abin da aka faɗa masa a wani, kada ya cakuɗa su. Wanda kuma ya ci karo da Edward na 1945 ko George na 1956, don Allah ya ɗauko hoton fuska da baya a cikin haske ya nuna mana, kuma kada ya goge shi.

Inda na yi daidai daga Allah ne, inda na kuskure ina jiran gyaranku, musamman manyanmu da suka kashe waɗannan kuɗi da hannunsu.